Abin da ya kamata ku sani kafin ku shiga shagon attar a Jazira

Wanda ya taso a Kano ko Maraɗi, ranar da ya fara sa ƙafa a shagon kayan sha na kasuwar Madani ko ta Sinnar a ƙasar Sudan, zai ji kamar ɗakin kakarsa ya shiga, sai dai an sauya wa kayan suna. Ga zoɓo a buhu, an naɗe bakin buhun don mai wucewa ya ga jansa, amma a nan karkade ake ce masa. Ga 'ya'yan kuka farare tas, su ne gongolez. Tsamiya an cure ta kamar fura, ita ce aradeb. Goriba dom, aduwa lalob, kurna nabag. Mai shagon kuwa attar ne, kalmar da asalinta ke nufin mai turare, amma yau ta haɗa mai sayar da kayan yaji da saiwoyi da duk busasshen abin da ake jiƙawa a sha.

Kamannin nan ba abin mamaki ba ne. Ƙasar Hausa da tsakiyar Sudan a layi ɗaya suke kwance, itatuwansu ɗaya, damina da raninsu kusan ɗaya. Kuma mutanenmu sun daɗe a can. Tun kafin zuwan Turawa alhazai ke bin wannan hanya da ƙafa zuwa Makka, wasu su yada zango su yi noma don neman guzuri, zangon ya zama gida. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a zuwa gabas, suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa a bakin Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe noman ban ruwa na Jazira, sai aikin auduga ya ƙara jawo dubban Hausawa da Fulani da Barebari. Jikokinsu ne ke ƙauyukan Jazira a yau, da ƙananan matsugunan 'yan ƙwadago da ake kira kanabi, da garuruwan bakin kogi har zuwa Rusairis da Damazin. Su suka kai wa Sudan agashe, ɗan'uwan tsire, da godogodo na gero da nono. Su kuma suka karɓi abubuwan sha na can har suka zama nasu.

A Faransa da Italiya akwai wani irin ƙaramin shago da ba ya sayar da komai sai giyar inabi ta ƙananan manoma. Abin da ke kai mutane can shi ne mai shagon ya san kowace kwalba daga gonar wa ta fito, a wace shekara, a kan wace irin ƙasa. Faransa ma tun 1935 ta yi dokar da ta ɗaure sunan abin sha da yankin da aka noma shi. Irin wannan shago babu shi a ƙauyukan Jazira. Jama'ar Musulmi ce, kuma tun watan Satumba na 1983 Shugaba Numairi ya haramta giya a ƙasar, har aka tuttular da ita a kogin Nilu a Kartum. Sassaucin da aka yi a 2020 waɗanda ba Musulmi ba kaɗai ya shafa. To amma wancan ilimi na sanin asalin kaya, wanda Turawa ke biyan kuɗi mai yawa a kansa, yana nan a kan attar na kirki, a kan abin sha na halal, kuma ba ya cajin kowa kuɗin bayani. Abin da ya rage ga mai saye shi ne ya iya tambaya.

Farko dai kada ku yi gaggawa. Mutanen Sudan sun fi mu tsawon gaisuwa, kuma wanda ya faɗo shago da "nawa ne wannan" ya riga ya nuna kansa baƙo. A yi sallama, a ba da hannu, a tambayi lafiya da iyali. Dattijo a ce masa "ya Haj" ko "ya ammi", dattijuwa "ya Hajja" ko "ya khala". Idan kun ji harshen gida a bakinsa, sai a koma "Baba" ko "Malam", za ku ga fuskarsa ta canja. Awo kuma ya sha bamban da namu. Ƙananan kaya da ratal ake auna su, wanda bai kai rabin kilo ba, wajen giram 450. Ratal ɗari shi ne gintar, awon 'yan sari. Hatsi da makamantansa da malwa ake aunawa, wani kwanon awo mai aikin mudu. Kuna da damar ɗibar kaya a hannu, ku shinshina, ku ɗanɗana. Mai shagon da ya hana ku wannan, ku yi masa sai anjima.

Zoɓo ya kamata a fara da shi, don a kansa ake gane ko mai shago ya san sana'arsa. Jazira ƙasar laka ce ta ban ruwa, auduga da dawa da alkama da gyaɗa take bayarwa. Zoɓon kasuwa yawancinsa daga yamma yake zuwa, daga jigawar Kurdufan da Darfur, inda ake shuka shi da ruwan sama a ƙananan gonaki, sau da yawa a tsakankanin riɗi ko dawa. Bayan damina ta ɗauke ake cire shi, kuma aikin ɓarar da ke raba jan kwanson da ƙwallon iri aikin hannu ne, galibi na mata da yara, ɗaya bayan ɗaya, da ƙaiƙayin da ke cin yatsu. Daga nan a shanya, a kai kasuwar ƙauye, 'yan sari su tara zuwa Rahad ko Ummu Ruwaba ko babbar kasuwar amfanin gona ta Ubayyid. Zoɓon Rahad shi ya yi suna, har sunan garin ya zama sunan iri. Saboda haka idan kun ce "na ina ne?" aka amsa muku da sunan gari, da kuma ko na bana ne ko na bara, kun samu mai shago. Idan aka ce "mai kyau ne kawai", to shi ma sara ya yi bai tambaya ba.

Zoɓo mai kyau jansa ya yi duhu, kwansonsa cikakke ne mai kauri, idan aka matsa sai ya karye da ƙara. Wanda ya yi laushi ya sha raɓa ko an ajiye shi a ƙasa mai danshi, kuma fumfuna ba ta da nisa da shi. Wanda ya koɗe ya koma ruwan ƙasa ya kwana biyu. Ku zura hannu har gindin buhu, don a can yashi da kara ke taruwa, kuma yashi nauyi ne da za ku biya kuɗinsa. Akwai kuma farin zoɓo, mai tsami ba ja, wanda wasu gidaje suka fi so. Mutanen can na shan karkade da sanyi, suna kuma shan sa da zafi kamar shayi a wurin matan da ke sayar da shayi a bakin hanya. Binciken likitoci ya nuna yana ɗan saukar da hawan jini, don haka mai shan maganin hawan jini ya gaya wa likitansa idan yana yawan sha. Wannan zoɓo dai shi ake lodawa zuwa Jamus a yi shayin ganye da shi, kamar yadda na Jigawa ke tafiya Meziko. Matar da ta ɓare shi a Kurdufan ita ke samun kaso mafi ƙanƙanta a duk tafiyar, abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya duk lokacin da na ga farashinsa a fakitin kanti.

'Ya'yan kuka ba su da wuyar ganewa. Ana so su yi fari ko ruwan madara, su bushe ƙarau, su narke a harshe da ɗan tsami. Idan an riga an daka an tankaɗe, a yi hattara, don garin da ba a ga ƙwallonsa ba ana iya ƙara masa wani gari. Gara a sayi mai ƙwallo a jiƙa a gida a tace. Itacen, wanda suke kira tabaldi, yana da yawa a Kurdufan da kudancin Shuɗin Nilu, kuma a yammacin Kurdufan har rarake cikinsa ake yi a tara ruwan damina don rani. Sai a 2008 Tarayyar Turai ta amince a sayar da garin 'ya'yan kuka a matsayin abinci, abin da yaranmu ke tsotsa tun kaka da kakanni. A shagon, kusa da 'ya'yan kukar, za ku ga wasu ƙananan 'ya'yan itace jajaye, ba su kai ƙwayar wake ba, sunansu gudem. Daga daji ake tsinko su, suna da tsada, kuma ana ba masu jego da masu ƙarancin jini, a jiƙa ko a dama da su a kunun da suke kira nasha. Tsamiya kuwa kun san ta. Ku duba dai kada ƙwari su riga ku.

Sarkin kayan shagon ba kullum ake samun sa ba, sai watan Sha'aban ya kama. Shi ne hilu-mur, ma'ana zaƙi da ɗaci, wanda wasu ke kira jan abre. Duk abin da na faɗa game da sanin asali, a nan ya fi nauyi, domin shi ba a gona yake fitowa ba, a hannun mace yake fitowa, kuma hannu ya fi hannu.

Ga yadda ake yin sa. Ana samun dawa, an fi son irin da ake kira fatarita, a jiƙa ta, a baza a lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu, a riƙa yayyafa ruwa kwanaki har ta yi tsiro. Sai a shanya ta bushe. Wannan tsiron shi suke kira zirri'a, kuma shi ke kawo zaƙin, kamar yadda tsiro ke yi a kunun zaƙi. A niƙa shi, a niƙa wata dawar da ba ta tsira ba a dama ta kamar talge, a haɗa su. Daga nan sai kayan ƙamshi: citta, kirfa, habahan, kamun, hulba, wani lokaci da zoɓo da tsamiya don launi da tsami. Kowane gida da nasa haɗin, kuma uwa ce ke koya wa 'ya. A rufe ƙullun ya kwana ya yi tsami. Ranar suya mata ke taruwa a gida ɗaya, yau gidan wannan gobe gidan waccan, irin gayyar da muka sani. Ana zuba ƙullun a kan faffaɗan kaskon ƙarfe mai zafi, a baza shi da wani ɗan siririn abu, a bar shi ya gasu har ya yi duhu, a naɗe shi kamar takarda. Wuni guda mace na zaune gaban wuta da hayaƙin itace. Ƙamshin kan cika unguwa, kuma a Sudan wannan ƙamshi shi ne sanarwar azumi tun kafin a ga wata. Wani masani, Hamid Dirar, ya rubuta babban littafi a 1993 a kan abincin Sudan da ake tsimawa, kuma hilu-mur na cikin abin da ya yi bayani.

Yadda ake sha da sauƙi: a kakkarya, a jiƙa a ruwa 'yan sa'o'i, a tace, a sa sukari da ƙanƙara. Launinsa ja ne mai duhu. Mai kyau, kafin a jiƙa shi, yana da sheƙi, yana lanƙwasuwa kaɗan kafin ya karye, ƙamshin kayan yajin na fitowa ɗaya bayan ɗaya. Wanda wuta ta ci ɗacinsa ya rinjayi zaƙin, wanda kuma aka yi wa rowar kayan ƙamshi sai ya zama ruwan dawa mai launi. Yanzu da mata da yawa ke yin sa don sayarwa, attar na karɓa daga hannun mace biyu ko uku da ya sani, kuma tsofaffin masu saye da sunan mai yin suke tambaya. Ku ma ku tambaya. Idan kun ji daɗin na wata, ku riƙe sunanta, baɗi ku neme shi tun da wuri, don na gwanaye ba ya kai goman farko na azumi. Akwai ɗan'uwansa farin abre, siriri kamar fatar albasa, mai ɗan tsami, wanda ba a tacewa, da ɓarɓashinsa ake sha, kuma tsofaffi sun fi son sa da sahur.

Duk wannan tanadi yana da inda yake zuwa. A ƙauyukan Jazira magidanta ba sa buɗa baki a cikin gida. Maza na fito da tabarmi bakin hanya, kowane gida ya kawo tirensa da jug ɗin hilu-mur da karkade. A kan titin Kartum zuwa Madani har tare motoci ake yi dab da magariba, a rantse wa direba sai ya sauke fasinjoji sun sha ruwa. Mai gidan da ke sayen ratal goma na zoɓo a Sha'aban, rabinsa baƙin da bai taɓa gani ba ne za su sha.

Akwai abu ɗaya da ya kamata a faɗa a fili. Da babbar salla gidaje da yawa na yin sharbot, wato dabino da aka dafa ko aka jiƙa da citta da kirfa, a sha bayan an ci nama. Attar na sayar da dabinon, wanda ke zuwa daga arewacin ƙasar, irin barakawi busasshe da gundela, yana kuma haɗa kayan yajin. Amma jiƙon dabino idan ya daɗe a zafin Sudan yana juyawa, kuma kowace shekara malamai na jan kunne a kan haka. An ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan sha jiƙon 'ya'yan itace amma ba ya bari ya wuce kwana uku. A ƙasa mai zafi ma ba a jiran kwana ukun. Da ya fara kumfa, warinsa ya yi kaifi, a zubar. Iyakar da ke tsakanin sharbot da abin maye 'yan sa'o'i ne, kuma mai gida ne ke tsaron ta.

Gahawa ɗanya ake saye, korayen ƙwayoyi, yawanci daga Habasha ta kan iyaka. A gida ake soya ta a garwashi, a daka a ƙaramin turmi, a dafa da citta a tulun yumɓu mai dogon wuya da ake kira jabana. Wanda ya sayi niƙaƙƙiya ya sayi abin da bai gani ba. Zuma ma haka, ta dazukan kudancin Shuɗin Nilu tana da suna, kuma duk abin da ya yi suna ana yi masa algus da sukari. Dabarun gwaji da ake yaɗawa, na ashana da na ɗigawa a ruwa, ba abin dogaro ba ne. Wanda ya san mai amya shi kaɗai zai iya tsaya muku.

Wani zai ce kayan attar sun fi na gwangwani da garin lemon fakiti wahala, wani lokaci ma sun fi tsada. Gaskiya ne, sai an jiƙa, an tace, an jira. Amma ku duba inda kuɗin ke zuwa. Na garin fakiti yana ƙarewa a wata masana'anta, sau da yawa a wajen ƙasar. Na attar yana rarrabuwa zuwa ga matar da ta tsaya gaban kasko a unguwar bayan kasuwa, da yaron da ya hau kuka, da mai raƙumi ko mai a-kori-kura da ya kawo buhun. Kuma attar na da littafin bashi. Ya san wanda sai an sayar da gyaɗa zai biya, yana ɗaga masa ƙafa. Ciniki halal ne, a yi tayi, amma idan aka zo kan hilu-mur ni ina ganin bai kamata a matsa ba. Wanda ya taɓa ganin idon mace bayan wuni a cikin wannan hayaƙi ba zai nemi ragin da zai fito daga ladanta ba.

Wajibi ne kuma mai karatu ya san halin da wuraren nan ke ciki. A watan Yuli na 2022 rikici ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu tsakanin Hausawa da wasu maƙwabtansu a kan ƙasa da sarauta, ya sake tashi a Oktoba a yankin Wad al-Mahi, aka rasa ɗaruruwan rayuka, dubbai suka bar gidajensu. Sannan yaƙin da ya fara ranar 15 ga Afrilu 2023 tsakanin sojan ƙasar da dakarun RSF ya iso Madani a Disambar wannan shekara. An wawashe kasuwanni, ƙauyuka sun watse. Soja sun karɓe Madani a Janairun 2025, kuma a wannan lokaci mazauna wasu kanabi suka fuskanci hare-hare. Kurdufan da Darfur, inda zoɓo da gudem da ƙaro ke fitowa, sun zama fagen fama, hanyoyin da buhunan ke bi sun cika da shingaye, kowane shinge da kuɗinsa. Takardar kuɗi ta yi wuya, ciniki da yawa ya koma ta waya, ta manhajar Bankak.

Saboda haka idan Allah ya kai ku shagon da ya sake buɗewa, kuka ga buhunan ba su cika ba, ko farashi ya ninka abin da aka gaya muku, akwai dalili. Tambayar "na ina ne?" ma yanzu amsarta ta yi tsawo. Mai shago zai iya ce muku zoɓon Rahad bai iso ba bana, wannan na wani wuri ne, bai kai wancan ja ba amma ba shi da yashi. Zai iya ce muku matar da ke yi masa hilu-mur tana Gadarif ko Kasala da 'ya'yanta, wannan na ƙanwarta ne da ta dawo. Ku zauna ku saurara, ku karɓi shayin da zai aika a kawo muku, sannan a auna.